FUROTIN MAI ƁACEWA: TARIHIN YADDA AKA GANO SIRRIN RABUWAR ƘWAYAR HALITTA

Da Edita ya aiko mini cewa in kawo tawa gudummawar a wannan fitowa, cewa ya yi in rubuta wani abu na tarihi. Na san tarihin sarakuna da garuruwa yake nufi. Ni kuwa sai na roƙe shi ya yi mini uzuri in kawo tarihin wani abu da ido ba ya gani, domin akwai bashin wata amsa da ke kanmu tun muna aji huɗu.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na Bayoloji ya yanko kan saiwar albasa, ya rina ta, ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma guda ɗaya da ke aiki a ɗakin gwaji, muka yi layi muna leƙawa. Ya sa muka zana matakan rabuwar ƙwayar halitta guda huɗu, wato furofes da metafes da anafes da telofes, muka haddace su kamar karatun allo. Ana cikin haka sai wani daga kujerun baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ke gaya wa ƙwayar cewa lokacin rabuwa ya yi?" Muka fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan ba ta cikin manhaja, amma ta fi duk abin da na rubuta muku a allo. In kun je jami'a ku nemo mini amsarta."

Na je jami'a, amma harkar mulki na karanta, na fito na kama aikin gwamnati, tambayar kuwa ta bi ruwa. Sai da aka tabbatar wa yayata cewa tana da sankarar mama, muka shiga zaryar asibiti, sannan ta dawo mini. Wata rana muna zaune a benci muna jiran likita, Yaya ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, me ke sa abu ya yi ta girma a jikin mutum bai san ya isa ba?" Ban da abin cewa. Daga ranar na shiga karance-karance da dare bayan an tashi daga ofis. Abin da na samo shi ne zan ba ku a taƙaice.

MASU KALLO DA IDO

A shekarar 1855 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yaɗa ra'ayin cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar take fitowa, ko da yake Robert Remak ya riga shi ganin haka. A 1882 kuma Walther Flemming, malami a birnin Kiel, ya buga littafin da ya zana yadda wasu zaruruwa ke bayyana a cibiyar ƙwaya, su jeru a tsakiya, su rabu biyu, kowane rabi ya nufi gefe guda. Shi ya raɗa wa abin suna maitosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zare. Zaruruwan nan su ne kuromosom, waɗanda mutum ke da 46 a kowace ƙwaya. Ashe zanen da muka yi ta kwafa a aji huɗu jikan zanen Flemming ne.

To amma abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne. Ƙwayar mutum da ake reno a kwalba takan ɗauki kimanin awa 24 kafin ta zagayo, rabuwar da ake gani kuwa ba ta wuce kamar awa guda ba. An daɗe ana kiran sauran lokacin da sunan hutu. A 1953 Alma Howard da Stephen Pelc, a birnin Landan, suka yi gwaji da saiwar wani irin wake, suka nuna cewa a tsakiyar wannan "hutu" ne ƙwaya ke kwafar DNA ɗinta, da tazara kafin kwafar, da wata tazarar bayanta. Daga nan aka san zagayen yana da zango huɗu. Tambayar ɗan ajinmu dai tana nan: wa ke kaɗa ƙararrawar tashi daga wannan zango zuwa wancan?

MASANA'ANTA TA RAGE AIKI

Kafin in ci gaba, bari in tuna mana abin da muka manta. Kusan duk aikin da ke gudana a cikin ƙwaya furotin ne ke yin sa. Umarnin ƙera kowane furotin yana rubuce a DNA, a cikin cibiya. Ba a fitar da asalin takardar. Kwafinta ake yi, wato saƙon RNA, a aika wa wasu ƙananan injuna masu suna ribosom, su kuma su harhaɗa furotin daga tubalan amino asid iri 20. Mu ma'aikata mun san wannan tsari: asalin fayil yana rajista, kwafi ake turawa sashen da zai aiwatar.

A 1962 David Prescott da Michael Bender suka gano cewa idan ƙwaya ta shiga rabuwa, kuromosom suka dunƙule, rubuta sabon saƙo yakan tsaya kusan cak, ƙera furotin ma ya ragu. A 1970 Hung Fan da Sheldon Penman suka auna raguwar, suka samu ta sauko zuwa kimanin kashi 30 cikin 100 na yadda aka saba, kuma matsalar tana wurin hawan ribosom kan saƙon. Binciken da aka yi daga baya, bayan 2010, ya nuna raguwar ba ta kai haka ba, domin magungunan da ake tsayar da ƙwayoyin da su don aunawa su ma suna rage aikin. Amma wani abu ya tabbata: ko a lokacin da masana'anta ta rage aiki, akwai saƙonnin da ake ci gaba da karantawa, har a ƙara musu ƙaimi. Ke nan ƙwaya tana zaɓe.

Wani abin mamakin kuma ya fito daga ƙwan bushiyar teku, wata halittar ruwa mai ƙayoyi. Tun cikin shekarun 1960 aka san cewa uwa tana cusa wa ƙwanta saƙonnin RNA masu yawa, a ajiye su a rufe, ba a karanta su sai maniyyi ya shiga. Idan aka hana ƙwan rubuta sabon saƙo, zai yi ta rabuwa abinsa na wani lokaci. Idan kuwa aka hana shi ƙera sabon furotin, ko sau ɗaya ba zai rabu ba. Kowa ya ga alamar cewa akwai wani furotin da dole a ƙera sabo kafin kowace rabuwa, amma aka shafe kusan shekara 20 ba wanda ya kama shi.

KWAƊO DA YIS

Mutanen da suka warware wannan ƙulli hanyoyi uku suka biyo, kuma da farko ba su san wuri guda suka dosa ba.

Na farko shi ne Yoshio Masui, ɗan ƙasar Japan, wanda ya yi aiki da Clement Markert a Jami'ar Yale ta Amurka. Ya zuƙo ɗan ruwan cikin ƙwan kwaɗo da ya nuna, ya ɗura shi da siririyar allura a cikin ɗanyen ƙwai, sai ɗanyen ya kama shirin rabuwa. A 1971 suka buga sakamakon, suka kira abin da ke cikin ruwan MPF. Daga baya wasu suka ga ƙarfin MPF yana hawa dab da kowace rabuwa, ya sauka bayanta. Sai dai ba wanda ya iya tace shi ya ce ga shi, har tsawon shekara 17.

Na biyu shi ne Leland Hartwell na Jami'ar Washington da ke Siyatil. Shi yis ɗin burodi ya kama, irin wanda masu gidan burodi da masu fanke ke saya. Ya nemo yis masu lahani waɗanda ke rayuwa lafiya a zafin digiri 23, amma in aka kai su 36 sai duk su tsaya a zango guda. Daga 1970 ya yi ta tattara ƙwayoyin gadon da ke da hannu a zagayen, daga ciki har da CDC28, wadda in babu ita yis ba ya ko ɗaga ƙafa ya fara tafiyar.

Paul Nurse, Baturen Ingila, ya ɗauki wannan dabara ya kai ta kan wani yis daban a birnin Edinbara. Wannan yis yana da alaƙa da nahiyarmu: a 1893 aka fara ware shi daga giyar gero ta Gabashin Afirka, shi ya sa sunansa na kimiyya ya ƙare da pombe, wato giya da Swahili. A 1975 Nurse ya ga wasu ƙwayoyin da ke rabuwa tun ba su gama girma ba, 'ya'yansu suna fitowa 'yan mitsi-mitsi. Ya yi tunanin cewa abin da lalacewarsa ke sa a yi gaggawa, lallai yana kusa da mai riƙe da agogo. Bin wannan sawu ya kai shi ga ƙwayar gado mai suna cdc2, kuma a 1982 aka tabbatar ita ce takwarar CDC28 ta Hartwell. A 1987 shi da Melanie Lee suka yi gwajin da ya girgiza masana: suka zuba ƙwayoyin gadon mutum a cikin yis ɗin da tasa cdc2 ta lalace, sai guda daga ciki ta maye gurbin, yis ya ci gaba da rabuwa. Wato injin da ke tuƙa rabuwa a jikin ɗan Adam da na yis kusan ɗaya ne.

Amma akwai saura. Yawan furotin ɗin cdc2 ba ya hawa ba ya sauka, kullum yana nan. Abin da ke nan kullum kuwa ba zai zama shi kaɗai ne ƙararrawa ba.

RANAR DA LAYI YA ƁACE

Nan ne na uku ya shigo, kuma labarinsa ne ya fi taɓa ni. A lokacin Tim Hunt malami ne a Jami'ar Kambirij, kuma ba masanin rabuwar ƙwaya ba ne. Sana'arsa ita ce binciken yadda ake sarrafa ƙera furotin, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙananan ƙwayoyin jinin zomo ke daina ƙera furotin ɗin jini idan sinadarin him mai ɗauke da ƙarfe ya yanke. Da bazara yakan je koyarwa a cibiyar nazarin halittun teku ta Woods Hole, a jihar Masacusets ta Amurka.

A watan Yuli na 1982 ya yi wani ɗan gwaji mai sauƙi. Ya haɗa ƙwan bushiyar teku da maniyyi, ya zuba musu amino asid mai ɗauke da alamar da ke ƙona fim, ta yadda duk sabon furotin da aka ƙera zai fito da tambari. Kowane minti 10 sai ya ɗebi kaɗan. Ya jera abin da ya ɗiba a kan wani daskararren abu mai danƙo da ake kira jel, ya sa lantarki ya rarrabe furotin gwargwadon nauyinsu, sannan ya ɗora fim irin na hoton ƙashi. Abin da kowa zai zata shi ne kowane layi ya yi ta ƙara baƙi yayin da furotin ke taruwa. Haka kuwa aka yi, sai layi guda. Wannan ya fito da wuri, ya yi kauri, sannan dab da ƙwan zai tsage biyu ya ɓace ɓat. Bayan rabuwa ya sake fitowa, ya taru, ya sake ɓacewa a rabuwa ta gaba.

Da wani ne sai ya ce kuskuren hannu ne ya jefar da fim ɗin. Hunt ya tsaya a kan layin da babu. Ya gane cewa ƙwan bai daina ƙera wannan furotin ba. Wani abu ne ke tashi a lokaci ƙayyadadde ya lalata shi ƙarƙaf. Ya raɗa masa suna saikilin, saboda zagayowarsa, an kuma ce har da ɗan barkwanci a ciki domin shi mai son hawan keke ne. Da ya aika da rahoton, wani daga cikin masu tantancewa ya ɗauke shi shaci-faɗi ne kawai. An dai buga shi a mujallar Cell a 1983, tare da sunayen ɗalibansa, aka kuma yi shekaru ba a cika kula shi ba. A wancan zamani hankalin masana yana kan yadda ake ƙera abu. Kaɗan ne ke tunanin cewa ƙwaya za ta kashe ƙarfinta ta ƙera furotin lafiyayye, sannan ta rushe shi da gangan cikin 'yan mintoci.

HANYOYI SUN HAƊU

Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A 1986 ɗakin binciken Joan Ruderman ya ɗura saƙon saikilin na wata kumbar teku a cikin ɗanyen ƙwan kwaɗo, sai ƙwan ya yi daidai abin da yake yi in an ba shi MPF. A 1988 Manfred Lohka da Marianne Hayes da James Maller, a jihar Kolorado, suka yi nasarar tace MPF, suka tarar furotin biyu ne a manne. Ba a daɗe ba aka gane su: ɗaya cdc2 ne na masu yis, ɗayan kuma saikilin ne na mai bushiyar teku. Kwaɗon da aka yi wannan aiki da ƙwansa ma ɗan Afirka ne, mai farce a ƙafa, wanda asibitocin Turai suka riƙa amfani da shi wajen gwajin juna biyu tun daga shekarun 1930.

Ga yadda abin yake. Cdc2 kamar mota ce da ke ajiye kullum a gareji, saikilin kuma shi ne direba. Ƙwaya tana ƙera saikilin sannu a hankali har ya kai wani mizani, ya hau kan cdc2, su biyun su shiga liƙa wa ɗaruruwan furotin alamar fosfet. Sai kuromosom su dunƙule, bangon cibiya ya wargaje, zaruruwan ja su miƙe. To amma ba a iya fita daga wannan hali sai direban ya sauka.

Andrew Murray da Marc Kirschner ne suka kafa hujjar a 1989 a San Faransisko. Suka matse ruwan ƙwan kwaɗo a kwalba, suka lalata duk saƙonnin RNA da ke ciki, zagaye ya tsaya. Suka mayar da saƙon saikilin shi kaɗai, zagaye ya tashi. Sannan suka gutsure wa saikilin wani yanki daga kansa ta yadda ba za a iya lalata shi ba. Sai ruwan ya shiga rabuwa ya maƙale a ciki, ya kasa fita. A 1991 Michael Glotzer tare da su biyun suka nuna cewa a yankin nan akwai wani ɗan jerin amino asid 9, wanda shi ne shaidar da ake dubawa a rataya wa saikilin wani ƙaramin furotin mai suna yubikwitin. Duk wanda aka rataya wa sarƙar yubikwitin, injin niƙa na cikin ƙwaya zai markaɗe shi. A 1995 aka gano babban injin da ke yin ratayar, kuma daga baya aka fahimci cewa ba ya tashi sai kowane kuromosom ya kama zarensa ta gefe biyu. Ko guda ɗaya ne ya saura, jira ake yi.

A 2001 aka ba Hartwell da Hunt da Nurse kyautar Nobel ta fannin likitanci. A 2004 kuma Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose suka sami ta fannin kemistiri saboda gano tsarin yubikwitin. Masui bai shiga cikin na Nobel ba, kyautar ba ta wuce mutum uku, amma ya raba kyautar Lasker da Hartwell da Nurse a 1998.

AMSAR YAYA DA TA MALAM

Yanzu an san cewa mutum yana da saikilin iri-iri da abokan aikinsu iri-iri, kowane zango da nasa. A cikin sankara da yawa wannan tsari ne ke lalacewa: ko a riƙa ƙera wani saikilin fiye da kima, ko birkin da ke riƙe shi ya tsinke, ko masu gadin da ke tsayar da ƙwaya in DNA ta sami lahani su daina aiki. A yawancin irin sankarar mama da ke cin abincinta daga sinadarin mata, saikilin mai lamba D da abokansa CDK4 da CDK6 ne ke tura ƙwaya ta yi ta rabuwa. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da palbociclib, maganin farko da ke toshe waɗannan biyun, shekara 33 bayan fim ɗin Hunt.

Likitan Yaya ya ambata mana irin wannan magani, ya kuma faɗi kuɗinsa, na lissafa da albashina na yi shiru. Da taimakon dangi da wasu daga cikinku, waɗanda ba za su so in ambaci sunansu ba, aka yi mata aiki da sauran magungunan da suka samu, kuma har yanzu tana zuwa ana duba ta. Na koma na ba ta amsarta da Hausar da za ta gane. Na ce mata a jikin kowa akwai mai cewa "tashi", akwai kuma mai sallamarsa in ya gama, ciwonta kuwa ya samo asali ne daga inda sallamar ta gagara. Ta yi murmushi ta ce, "Ashe har a cikin jiki akwai masu ƙin sauka daga kujera." Ina roƙon 'yan'uwa mata, da matanmu da iyayenmu, duk wadda ta ji ƙullutu a mama kada ta tsaya jiran ya yi zafi, ta je asibiti da wuri.

Malam, ranka ya daɗe, ga amsar da ka aike mu, ko da yake ta makara. Ƙwaya ce ke gaya wa kanta lokaci, ta hanyar ƙera wani furotin har ya cika mudu, sannan ta rushe shi. Masu binciken nan da yis da kwaɗo da bushiyar teku suka yi aiki, ba da niyyar neman maganin sankara ba, sai don tambaya irin ta ɗan kujerar baya, wadda muka yi wa dariya. Da na ziyarci makaranta a hutun da ya wuce na leƙa ɗakin gwaji, na ga yara sun ninka mu yawa, suna layi a kan madubi kamar yadda muka yi. Ina ba da shawara ga shugabannin ƙungiya, in an zo kasafin gudummawar bana, a sa madubai da gilasan gwaji da ruwan rini a cikin lissafi. Ni na ɗauki nauyin guda ɗaya, kuma na san 'yan ajinmu ba za su bar ni ni kaɗai ba.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.